HAƘƘIN JIKI A KAN MAI SHI: DAMUWA, HUTU DA BARCI A MA'AUNIN SUNNA

Bismillahir Rahmanir Rahim.

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya kuma san rauninsa fiye da yadda shi kansa ya san shi. Tsira da aminci su tabbata ga Manzon Allah (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa da duk waɗanda suka bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku 'yan'uwa Musulmi na Kazaure da Roni da Gwiwa da Babura, maudu'in da za mu tattauna a kansa shi ne damuwa da gajiyar yau da kullum, da abin da Sunna ta tanadar wa jiki na hutu. Wataƙila wani ya ce wannan ai zancen likitoci ne, me ya kawo shi majalisin wa'azi? Amsarmu ita ce, jikin nan amana ne, kuma da shi ake tsayuwar salla, da shi ake neman halal. Wanda ya tozarta shi ya tozarta abin da zai bauta wa Allah da shi.

Kowa daga cikinmu ya san magidancin da kullum kukansa ɗaya ne: kai na sarawa, wuya ya riƙe, zuciya na bugawa, barci ya ƙaurace, abu kaɗan ya hau iyali da faɗa. In ka tambaye shi sai ya ce rayuwa ce ta yi tsada, kuma gaskiya ya faɗa. Tun daga watan Mayu na 2023 da aka janye tallafin man fetur, kuɗin mota da na taki da na magani suka yi tashin da kowa ya ji a jikinsa. 'Yan kasuwarmu na Babura, waɗanda arzikinsu ke haɗe da na 'yan'uwanmu na Jamhuriyar Nijar, sun ga rufe iyaka daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, suka sake ganin wani rufewar bayan juyin mulkin da aka yi can a Yulin 2023, har zuwa Maris na 2024. Manomin Gwiwa da na Roni yana kwana da lissafin damina, mai noman rani a bakin dam na Kazaure yana kwana da lissafin man injin ban-ruwa. Duk wannan haƙiƙa ne. Sai dai ba za mu iya rage farashin fetur a wannan zama ba. Abin da yake hannunmu shi ne lokacin da muke kwanciya, da abin da muke zubawa a ciki, da bashin da muke jawo wa kanmu, kuma a nan ne za mu tsaya.

Bari mu fara da abin da ke faruwa a cikin jiki. Idan mutum ya firgita, wasu 'yan ƙananan gaɓoɓi da ke bisa ƙoda sukan saki sinadarai cikin jini, likitoci na kiran su adirinalin da kotisol. Nan take zuciya ta ƙara sauri, jini ya hau, suga ya ƙaru cikin jini, jijiyoyi su ɗaure. Wannan rahama ce daga Allah ga wanda ya ci karo da kububuwa a gona, domin da wannan ƙarfin zai yi tsalle ya tsira, bayan ɗan lokaci kuma jiki ya koma daidai. To amma bashi ba ya sulalewa cikin ciyawa kamar maciji. Wanda ya kwana da shi ya tashi da shi, jikinsa yana nan cikin shirin gudu wata da watanni, ba tare da ya gudu ko'ina ba. A kan haka ne damuwa mai tsawo take taimaka wa hawan jini da ciwon zuciya, take kuma rikita wa mai ciwon suga lissafinsa.

Kada a ɗauka Turawa ne suka fara gane alaƙar zuciya da gangar jiki. Abu Zaidin al-Balkhi, wanda ya rasu a shekara ta 322 bayan Hijira, wato 934 Miladiyya, ya wallafa littafi mai suna Masalihul Abdani wal Anfus, inda ya yi bayanin cewa ciwon rai yana taɓa jiki, ciwon jiki kuma yana taɓa rai. Ya kuma rarrabe baƙin cikin da aka san dalilinsa, kamar rashi ko asara, da wanda yake sauko wa mutum ba tare da wani dalili na fili ba, wanda ya ce tushensa a jiki yake kuma yana buƙatar magani. A harshen Larabci ma malamai sun bambanta hammu, wato damuwa kan abin da bai zo ba, da huznu, wato baƙin ciki kan abin da ya wuce. Ya tabbata a Sahihul Bukhari daga Anas (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana yawan neman tsarin Allah daga su biyun, kuma cikin wannan addu'ar ya haɗa da nauyin bashi da rinjayen mazaje. Ashe damuwa aba ce da ake neman tsari daga gare ta, kuma abin da ake neman tsari daga gare shi wajibi ne a guje wa sabubbansa.

Asalin da muke gina maganarmu a kansa shi ne ƙissar Salmanul Farisi da Abud Darda'i (R.A.), waɗanda Manzon Allah (S.A.W.) ya ƙulla 'yan'uwantaka a tsakaninsu. Salmanu ya kai wa ɗan'uwansa ziyara, ya tarar da matar gidan ba ta cikin kwalliya, ta shaida masa cewa mijinta ba shi da bukatar duniya. Aka kawo abinci, Abud Darda'i yana azumin nafila, Salmanu ya ƙi ci sai da ya sa shi ya ci. Da dare ya yi Abud Darda'i ya tashi zai yi salla, Salmanu ya mayar da shi shimfiɗa, ya sake tashi ya sake mayar da shi, sai can ƙarshen dare suka tashi tare suka yi salla. Sannan ya tunatar da shi cewa Ubangijinsa da ransa da iyalinsa kowanne yana da haƙƙinsa, a ba kowa nasa. Da labari ya kai ga Manzon Allah (S.A.W.) sai ya gaskata Salmanu. Haka nan ya taɓa shiga masallaci ya ga igiya a ɗaure tsakanin ginshiƙai biyu, aka ce ta Zainab ce (R.A.), takan riƙe ta in ta gaji da tsayuwar dare. Ya yi umurni a kwance ta, ya kuma nuna cewa mutum ya yi nafila gwargwadon nishaɗinsa, in ya gaji ya zauna.

To, ya 'yan'uwa, ku dubi wannan da kyau. Sallar dare ce fa, mafificiyar nafila, aka hana ta cinye haƙƙin jiki. In ba a yarda ƙiyamul laili ya hana mutum barcin da yake bukata ba, da wace hujja hirar teburin mai shayi za ta hana shi?

Allah Ya ambaci barci cikin ni'imominSa a Suratun Naba'i da Suratul Furƙan, Ya lissafa shi cikin ayoyinSa a Suratur Rum. Abu Barza (R.A.) ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya kasance yana ƙin barci kafin Isha'i, yana kuma ƙin hira bayanta. Malamai sun keɓe hirar ilimi, da ta baƙo, da ta mutum da iyalinsa. Likitocin zamani kuwa sun ce baligi yana bukatar barcin awa 7 ko fiye a kowane dare. Mu yi lissafi irin na ƙasarmu. Ana idar da Isha'i a nan wajen ƙarfe 8, ana kiran Asuba wajen ƙarfe 5. Wanda ya kwanta ƙarfe 10 ya sami awa 7 cif. Wanda ya zauna a majalisa har 12, ya shigo gida ya ɗauki waya yana bin Facebook da WhatsApp har ƙarfe 1, awa 4 ya rage masa. Ɗayan biyu ne zai same shi: ko ya yi asarar jam'in Asuba, ko ya yini yana jan jiki yana huce haushinsa kan yara. Sau da yawa ma duka biyun ne.

Ita waya tana da wata illa bayan cinye lokaci. Mutum ya zo kwanciya, sai ya buɗe ta ya ga labarin kisa a wani gari, ya ga wani yana zagin malaminsa, ya tsaya mayar da martani. Ya cika zuciyarsa da fushi a daidai lokacin da Sunna ta koya masa alwala da kwanciya a gefen dama da karanta azkar. Sannan ga shayi da kofi da goro, dukkansu suna ɗauke da sinadarin kafin mai korar barci, wanda rabinsa yakan saura a jini bayan kimanin awa 5 da sha. Ba mu ce haramun ne ba, Allah Ya tsare mu da haramta abin da Ya halatta. Cewa muka yi wanda ya sha shayi mai kauri ƙarfe 10 na dare kada ya zargi maƙiya in ya kasa runtsawa.

Daga nan ne ƙofar da ta fi muni take buɗewa. Matashin da bai yi barci ba, ga aikin gona ko acaba ko lodi a tasha yana jiransa, sai abokinsa ya miƙo masa ƙwaya ya ce ta ƙarfi ce. Tiramol maganin ciwo ne mai tsanani da likita ke rubutawa, amma in aka mayar da shi abin sha kullum yakan kama mutum, yakan kuma jawo farfaɗiya. Ƙwayar ba ta ƙara ƙarfi ko kaɗan, muryar jiki take toshewa don kada a ji yana cewa ya gaji. Gwamnatin Tarayya ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a watan Mayu na 2018 saboda irin wannan ɓarna. Amma doka ba za ta shiga ɗakin yaronka ta kwantar da shi da wuri ba, wannan aikin uba ne. Muna kira ga masu gonaki da masu ɗaukar 'yan ƙwadago su ji tsoron Allah, kada su ɗora wa yaro aikin mutum biyu alhali sun san da abin da yake yin sa.

Akwai wata magana da ta shafi masu shirya wa'azi, kuma gara a ji ta daga cikin gida. Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) ya kasance yana yi wa mutane wa'azi ranar Alhamis kawai. Aka roƙe shi ya riƙa yi kullum, ya ƙi, don gudun kada ya gundure su, ya kuma kafa hujja da cewa haka Manzon Allah (S.A.W.) yake zaɓar musu lokaci. Mu'azu (R.A.) ya tsawaita karatu a sallar Isha'i har wani ma'aikaci ya fice daga sahu, kuma Mu'azu ne aka yi wa faɗa. A Sunanu Abi Dawud ya zo cewa Manzon Allah (S.A.W.) yana i'itikafi ya ji mutane suna ɗaga murya da karatu, ya hana su cutar da juna da hakan. Saboda haka wa'azin da zai kai ƙarfe 1 na dare, da lasifika a bisa soro tana fuskantar gidajen da ke da marar lafiya da mai jego da ɗan makaranta, ya kamata a sake auna shi da ma'aunin da muke auna ayyukan wasu. Amfanin wa'azi shi ne a ga masu saurarensa a sahun Asuba.

Sai ƙailula, wato ɗan barcin tsakar rana. Sahlu ɗan Sa'ad (R.A.) ya ba da labarin cewa a ranar Juma'a ba sa yin ƙailula ko cin abincin rana sai bayan an sauko, abin da ke nuna al'adarsu ce ta kullum. Aya ta 58 a Suratun Nur ta sanya tsakar rana cikin lokuta uku da yara da masu hidima za su nemi izini kafin su shigo, domin lokaci ne na tuɓe tufa a huta. Iyayenmu sun san wannan, shi ya sa suke sammakon gona su dawo kafin rana ta take. A watannin Maris da Afrilu da Mayu, lokacin da zafi a wannan yanki yakan haura digiri 40, minti 20 zuwa 30 a inuwa bayan Azahar ya fi kofin shayi na uku amfani. Kada dai a zarce har La'asar, don dogon barcin rana yana ɓata na dare.

Salla kanta hutu ce ga wanda ya ba ta haƙƙinta. Abu Dawud ya ruwaito cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya nemi Bilal (R.A.) ya tayar da iƙama domin su sami hutu da salla. Mutumin nan da ya yi salla cikin gaggawa kuwa, sau uku ana mayar da shi ya sake, sannan aka koya masa natsuwa a ruku'u da sujada da zama. Wanda yake saran sujada kamar kaza na tsattsagar tsaba, hankalinsa na shago, bai sauke farali yadda ya kamata ba, bai kuma huta ba. A nan sai mu yi hattara. Ba ma yin salla don jini ya sauka, don Allah muke yin ta, natsuwar da ke biyo baya kyauta ce. Haka nan an koya wa wanda ya fusata ya nemi tsari daga Shaiɗan, ya yi shiru, in yana tsaye ya zauna, in bai huce ba ya kishingiɗa. Ku ƙara da jan numfashi a hankali da sakin sa a hankali sau da yawa, domin hakan yana rage bugun zuciya.

Game da ci da motsa jiki ba za mu tsawaita ba. Hadisin Miƙdamu ɗan Ma'adikarib (R.A.) da Tirmizi ya ruwaito, na raba ciki kashi uku tsakanin abinci da abin sha da numfashi, kowa ya haddace shi, aiki da shi ne ya yi ƙaranci, musamman a tuwon dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada gishirin da baligi ke ci a yini ya kai giram 5, wato kimanin ƙaramin cokalin shayi guda, kuma dunƙulen miya ma gishiri ne, sai a lissafa da shi. Ta kuma ce a sami minti 150 na motsa jiki a mako. Manomi da mai faskare sun wuce wannan tun kafin Laraba. Maganar tana kan malamin makaranta da ma'aikacin ofis da mai shago, wanda ko masallacin unguwa sai ya hau babur. Tafiyar minti 30 a ƙasa kwana biyar a mako ta biya, in kuwa zuwa masallaci ne ga ladan taku a kai.

Ba zai yiwu mu yi zancen gajiya mu manta da iyayenmu mata ba. A ƙauyukanmu mace takan riga kowa tashi, ta bi bayan kowa kwanciya: surfe, daka, girki da itace, wanki, ga goyo, wani lokacin ga ciki. Nana Faɗima (R.A.) ta koka da abin da dutsen niƙa ya yi wa hannuwanta har ta nemi mai hidima, mahaifinta (S.A.W.) ya koya mata ita da Aliyu (R.A.) tasbihi 33 da tahmidi 33 da kabbara 34 a lokacin kwanciya. Wasu mazan sukan tsaya a wannan hadisi su ce wa matansu su yi zikiri, su manta da ɗayan hadisin, wanda Nana A'isha (R.A.) ta ce Manzon Allah (S.A.W.) yana cikin hidimar iyalinsa a gida har sai an kira salla. Shi ne kuma ya yi tseren gudu da ita. Kuɗin injin niƙa da za ka biya don matarka ta sami awa guda ta kwanta sadaka ne, kuma ya fi kuɗin shayin da kake saya wa abokai a majalisa.

Bashi kuwa, akwai na dole, kamar na asibiti da na taki, Allah Ya warware wa masu shi. Akwai kuma wanda muke saya da hannunmu. Uba ya sayar da hatsin da zai kai shi damina, ko ya jinginar da gona, don kayan ɗaki da gara, saurayi ya ci bashin lefe akwati kan akwati, duk don kada a yi da su a gari. An gama biki cikin kwana uku, an shiga rashin barci na shekara biyu. Wannan ƙungiya ta daɗe tana kira a sauƙaƙa aure domin bin Sunna. Yau muna ƙarawa da cewa sauƙaƙawar maganin hawan jini ce ga iyayen amarya.

Saura magana ɗaya, kuma ita ce mafi nauyi. Akwai damuwar da barci da ƙailula da rage shayi ba za su kawar da ita ba. In mutum ya yi mako biyu ko fiye cikin ƙunci, ya daina jin daɗin abin da ya saba so, ya daina ci, ya ƙaurace wa mutane, ko ya fara cewa gara ya mutu, ko mai jego ta daina kula da jaririnta tana yawan kuka, to wannan ciwo ne, irin wanda al-Balkhi ya ce yana bukatar magani. Kada a ce masa raunin imani ne, domin Annabi Yaƙub (A.S.) ya yi baƙin ciki har idanunsa suka yi fari, kuma shi Annabi ne. Kada kuma a kai shi wurin boka ko 'yan bori, a ce sammu ne ko iska, a yanka baƙin bunsuru, a zargi kishiya ko maƙwabci. Nan an yi asarar dukiya, an raba zumunci, an kuma taɓa aƙida. Ruƙiyya ta shari'a da Alƙur'ani da addu'o'in da suka tabbata gaskiya ce, amma babu duka ko ɗaure marar lafiya da mari a cikinta, kuma ba ta hana zuwa asibiti, tunda Manzon Allah (S.A.W.) da kansa ya yi umurni da neman magani. Allah Ya sa asibitin masu lalurar ƙwaƙwalwa na Jihar Jigawa a nan Kazaure yake, ga na Dawanau a Kano, ga Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. A watan Janairun 2023 aka sanya hannu kan sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta ƙasa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma amince da haƙƙin irin waɗannan marasa lafiya. Wanda ya ambaci kashe kansa, kada a bar shi shi kaɗai, kada a jira gobe, a kai shi a ranar.

Muna roƙon shugabannin rassa da 'yan agajinmu na ƙananan hukumomin nan huɗu, kowane reshe ya yi karo-karo ya sayi na'urar awon jini, a nemi ma'aikacin lafiya daga cikin 'yan'uwa ya riƙa auna jama'a bayan sallar Juma'a, a kuma tanadi mace da za ta auna mata a makarantun Islamiyya. Hawan jini sau da yawa ba ya nuna alama sai ya shanye wa mutum ɓarin jiki. Duk wanda aka auna aka sami 140 bisa 90 ko sama da haka, aka sake aunawa wata rana aka sami haka, a tura shi asibiti, kuma in an ɗora shi a kan magani kada ya daina don ya ji sauƙi sai da izinin likita.

Allah Ya yaye mana damuwa da baƙin ciki, Ya biya wa masu bashi bashinsu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.